Zuwa ga Edita: Darwin sunan gidan masana ne, kuma sunan gari ne a bakin teku

Assalamu alaikum Malam Edita, ina yi maka fatan alheri kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah ka ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu, maganar tawa tana da tsawo amma na daɗe ina son in fidda ta.

Ni malamin sakandare ne a nan jihar Kebbi, bayoloji nike koyarwa. A wurinmu da an ce Darwin to magana ɗaya ce ke zuwa, wai mutumin nan da ya ce daga biri anka samo ɗan Adam, sai a yi a'uziyya a rufe littafi, a Facebook ma haka abin yake kowa ya zo ya yi nashi zagin ya wuce. To ni Musulmi ne, na yi imani Allah ne ya halicci Annabi Adamu alaihis salam, kuma ba muhawarar wannan ta kawo ni ba, wannan fagen malamai ne, illa dai wanda zai yi raddi ya kamata ya fara sanin abin da anka faɗa, don shi mutumin bai ce biran da ke yawo a daji yau su ne kakanninmu ba, cewa ya yi asalinsu ɗaya da mutum can baya. Abin da ke damuna shi ne saboda wagga hayaniyar mun kau da kai daga wani abu da zai amfane mu. Darwin ba mutum ɗaya ba ne, gida ne, zuriya biyar a jere tun daga kakan kaka har jika kowace zuriya sai da anka samu wanda ya shiga babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila. Sannan akwai gari mai tashar jiragen ruwa da ke amsa wanga suna.

Bari in fara da garin tunda shi ne ba a cika sani ba. Yana can arewacin Ostireliya a bakin teku, shi ne babban birnin yankinsu na arewa, ba wani ƙaton birni ba ne mutanen ciki ba su kai dubu 200 ba. In ka ɗauko taswira za ka ga Birnin Kebbi tana digiri 12 da kusan rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi kuma Darwin digiri 12 da kusan rabi kudu da layin, ka ga nisanmu da tsakiyar duniya ɗaya ne da su. Shi ya sa su ma rani da damina gare su ba ƙanƙara ba, sai dai tasu a juye take, daminarsu daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin da mu nan muke fama da hunturu da zafin bazara, kuma ruwansu ya fi namu don yakan kai milimita 1,700 a shekara, kusan ninki biyu na abin da muke samu. Suna noman mangwaro, ruwansu cike da kadoji, shanunsu masu tozo ne, kuma ta wagga tasha ake loda shanu da ransu a jirgin ruwa ana kai su Indonesiya, dubban ɗaruruwa a shekara. Duk sanda na tuna da wannan sai in tuna dillalan shanunmu da ke loda tirela zuwa kudu, dabba ta kwana biyu a tsaye cikin mota ta isa ta rame.

Wani abu kuma, gambarmu tana can. Eh gamba dai wadda muke yin zana da jinka da ita. A shekarun 1930 Turawa sunka ɗauke ta daga Afirka sunka kai ta can don kiwon shanu, sai ta samu ruwa mai yawa kuma ba mai yankanta, ta bazu cikin daji tana kai tsawon mita 4, in rani ya yi ta bushe gobara ta kama to wutarta ta fi ta ciyawar ƙasarsu zafi nesa ba kusa ba, har manyan itatuwa take kashewa, a 2008 gwamnatin yankin ta sa ta cikin jerin mugun haki, yanzu kuɗi suke kashewa suna feshe ta. Mu nan dami-dami ake sayenta a kasuwa, wani wurin ma sai an yi tafiya kafin a same ta. Ciyawa ɗaya, nan dukiya can annoba, kuma in ka jefa wa yaro wagga tambaya ka ce mi ya sa, ka bar shi ya yi tunani, wallahi za ka sha mamakin amsar da ɗan ƙauye zai ba ka don ya san gamba tun yana goye.

Yadda garin ya samu sunan shi ne inda ya fi taɓa ni. A watan Satumba 1839 wani jirgin ruwan Ingila mai suna Beagle yana yawon auna gaɓar teku, mutanenshi sunka ga wata mashiga mai kyau, sai kyaftin ɗin John Wickham da wani hafsa John Stokes sunka sa mata sunan tsohon abokin tafiyarsu Charles Darwin, wanda sunka yi shekara biyar tare a wanga jirgi daga 1831 zuwa 1836. Lokacin shekarunshi 30 kacal, littafin nan da ake ta rigima a kai sai bayan shekara 20 ya fito a 1859, ba minista ba ne ba gwamna ba ne, kuma shi ko sau ɗaya bai taɓa taka wurin ba har ya mutu. Abokan aiki ne kawai sunka ga yadda yaron nan yake da naci, kullum yana cikin tsintar duwatsu da ƙwari yana rubutawa duk da amai da jirin teku da ke damunshi, sunka ce a sa sunanshi. Ka kwatanta da tamu tashar, Fatakwal, wadda Gwamna Lugga ya sa wa sunan maigidanshi Lewis Harcourt sakataren mulkin mallaka a 1913. Kuma har yau ɗabi'ar ba ta bar mu ba, titi ko unguwa ko makaranta sai sunan mai mulki, malamin firamaren da ya yi shekara 35 yana shan alli ya fidda likitoci da injiniyoyi ko lungu ba a sa wa sunanshi. Shi ya sa na ji daɗi da anka mai da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero zuwa sunan Abdullahi Fodiyo, wannan daidai ne, a ƙara.

Sauran tarihin garin a gurguje. Sai 1869 Turawa sunka kafa gari a wurin da sunan Palmerston, a 1911 anka mai da shi Darwin. Jiragen yaƙin Japan sunka yi mishi ruwan bama-bamai ran 19 ga Fabrairu 1942 mutum fiye da 230 sunka mutu, sannan daren Kirsimeti na 1974 wata guguwa mai suna Tracy ta rushe mafi yawan gidajen garin ta kashe fiye da mutum 60, sai da anka kwashe sama da mutum dubu 30 zuwa wasu garuruwa, da sunka tashi sake gini sai sunka canza dokar gini gaba ɗaya yadda rufi zai jure iska. A 2015 sun ba wani kamfanin ƙasar Sin hayar tashar na shekara 99 abin da ya jawo ce-ce-ku-ce sosai. Kuma kar a manta wurin ba kango Turawa sunka tarar ba, akwai masu ƙasa, kabilar Larrakia, sun yi dubban shekaru a nan kafin zuwan jirgin, an ture su gefe, ƙarar da sunka shigar a 1979 kan wani yanki na ƙasarsu sai 2016 anka kammala miƙa musu.

To yanzu gidan. Kakan shi ne Erasmus Darwin, an haife shi 1731 ya rasu 1802, likita ne kuma mai nazarin tsirrai, yana cikin wata majalisa ta abokai a wajen Birmingham da ke haɗuwa duk wata daren da farin wata ya cika, don su samu hasken komawa gida tunda ba fitila a hanya, a cikinsu har da James Watt mai injin tururi da Josiah Wedgwood mai masana'antar tangaran. Su ci abinci su yi ta gardama kan abin da kowa ya gwada. Ɗanshi Robert shi ma likita, ya auri ɗiyar Wedgwood ɗin, su ne sunka haifi Charles a 1809.

Shi Charles ba wani gwarzon ɗalibi ba ne a farko. Uban ya tura shi Edinbara karatun likita a 1825, ya kasa jure ganin ana yi wa mutum tiyata ba allurar barci don lokacin babu ita, ya bari. Amma a can ne wani baƙar fata mai suna John Edmonstone, wanda da bawa ne a Guyana anka 'yanta shi, ya koya mishi yadda ake feɗe tsuntsu a gyara fatar a adana ta ba ta lalace ba, kuma da wagga sana'a ya yi aiki a tafiyarshi ta jirgi. Daga nan anka kai shi Kambirij don ya zama limamin coci, ya ɓuge da tara ƙwari. Da damar tafiyar jirgin ta zo yana ɗan shekara 22 uban ƙi ya yi, sai da kawunshi ya sa baki, sannan uban ya yarda ya kuma biya kuɗin.

Abin da nike so masu karatu su duba shi ne yadda ya zauna da iyalinshi bayan ya dawo. Bai da ofis bai da wani ɗakin gwaji na gwamnati, gidanshi na ƙauyen Downe kudu da Landan nan ne wurin aikin. Ya yi shekara takwas, 1846 zuwa 1854, yana nazarin wasu ƙananan halittun teku masu ɓawo da ke manne wa duwatsu da ƙasan jirgi, har ana ba da labarin ɗaya daga cikin yaran ya je gidan abokinshi ya tambaya ina babansu ke yin nashi aikin halittun, don shi a zatonshi kowane uba haka yake yi. Ya yi kiwon tantabaru kala-kala yana duba yadda ɗiyansu ke fitowa in an haɗa wannan da wancan. Ya jiƙa iri a ruwan gishiri makonni yana ƙirga wanda zai tsiro bayan nan. Sai maganar tana, tsutsar nan ta cikin ƙasa, wadda ni ita ta fi burge ni, a 1842 ya watsa farin alli a wani fili kusa da gida ya bar shi, sai bayan shekara 29 ya zo ya haƙa rami ya tarar allin ya nutse wajen inci 7 a ƙasa, ba kowa ya binne shi ba illa tana da ke cin ƙasa tana turo kashinta sama, daga nan ya lissafa cewa a wurare da yawa na Ingila tana na juya ƙasa fiye da tan 10 a kowace eka duk shekara. Littafinshi na ƙarshe a 1881 kan tana ne, shekara ɗaya kafin ya mutu. Shekara 29 fa Malam Edita, mutum na jiran amsar tambaya ɗaya.

Kuma duk wannan da yaran ake yi. Su riƙe mishi fitila, su bi ƙudan zuma a lambu suna faɗa mishi inda ya sauka, su ƙirga, su rubuta. Ɗiya goma Allah ya ba su shi da matarshi Emma, uku sun mutu suna ƙanana. George ya zama farfesan ilmin taurari a Kambirij, ya yi suna kan lissafin cika da janyewar teku da yadda wata ke jan ruwa. Horace ya kafa kamfanin ƙera kayan awo na kimiyya a 1881, kuma shi ya ƙera wa uban abin auna yadda dutse ke nutsewa a ƙasa saboda aikin tana. Francis ya zama masanin tsirrai. Ɗan George kuma, Charles Galton Darwin, ya zama masanin fiziks, ya yi aiki da shahararren masanin fiziks Rutherford a Manchester, daga baya ya shugabanci babban ɗakin gwaje-gwajen awo na ƙasar Ingila tun daga 1938 har bayan yaƙin duniya na biyu.

Akwai gwajin da uban da Francis sunka yi sunka wallafa a 1880, na sha yin shi da ɗalibaina don ba ya cin ko sisi. Ka samu gwangwanin madara guda uku ka zuba ƙasa ka shuka masara ko dawa, ka sa su cikin kwali ka rufe ya yi duhu. Da tsiron ya leƙo yana nan kamar tsinke, kafin ganyen farko ya huda ya fito, sai ka samu takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin ganyen shayi, na gwangwani ɗaya ka yi musu 'yar hula ka rufe kan, na biyu ka naɗe musu gindi ka bar kan a buɗe, na uku ka bar su haka nan. Sai ka huda kwalin ta gefe ɗaya haske ya shiga. Washegari za ka tarar marasa hula sun karkata wajen hasken, masu naɗaɗɗen gindi su ma sun karkata, masu hula kuwa suna nan tsaye ƙyam. Wato kan ne ke jin hasken, amma lanƙwasar a ƙasa take faruwa, to mi ke kai saƙo daga sama zuwa ƙasa? Su Darwin sun ce lalle akwai wani abu da ke sauka, sai a shekarun 1920 wasu masana sunka kama shi, sinadarin girma ne na tsiro, kuma daga irin wanga ilmi ne anka samo wasu magungunan feshin haki da manomanmu ke saye yau. Ranar da anka buɗe kwalin a aji, wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba ita ta fara cewa Malam to in anka yanke kan gaba ɗaya fa? Na ce mata je ki gwada a gida ki zo ki faɗa muna, kuma ta gwada ta zo da gwangwaninta a leda, yankakkun ba su karkata ba.

Wani zai ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, jini ne. To a nan ne ban yarda ba, kuma a cikin gidan nasu anka fara wagga ɓarna. Akwai ɗan uwansu Francis Galton, shi ma jikan Erasmus ne, ya dubi irin gidansu ya ce basira gadonta ake yi ta jini, daga nan ya ƙirƙiro aƙidar cewa a tace 'yan Adam, masu kyan iri su hayayyafa a hana sauran, har ɗaya daga cikin ɗiyan Charles ɗin, Leonard, ya shugabanci ƙungiyarsu shekara da shekaru. Wanga Galton a 1873 ya rubuta wa editan wata jaridar Landan wasiƙa yana ba da shawara a kwaso mutanen Sin a zuba a Afirka su maye gurbin baƙar fata don wai mu ba mu da amfani. Shi kanshi Charles duk da ya tsani bauta ƙwarai, a rubuce-rubucenshi ya jera jinsunan mutane wasu sama wasu ƙasa kamar yadda Turawan zamaninshi ke yi. Wagga aƙida ta tace mutane ta yi sanadin dandaƙe dubban bayin Allah a Amurka da Turai, 'yan Nazi kuma sunka kai ta ƙarshe. Don haka ba waliyyai nike tallatawa ba. Abin da Galton ya ƙi gani shi ne yaran nan sun tashi cikin littattafai, ga kuɗin tangaran na Wedgwood da na likitanci, uban bai taɓa neman albashi ba a rayuwarshi, ga lokaci, ga uba da ke ɗaukar tambayar yaro da muhimmanci. Kuɗin ba mu da su, wannan gaskiya ne. Amma sauran ba a kasuwa ake sayensu ba.

Kuma mu mutanen ƙasar Gwandu da Kabi bai kamata a ce sai mun je Ingila za mu ga gidan ilmi ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yana nan kwance a Gwandu tun 1829, ya rubuta littafi musamman yana lissafa malaman da ya yi karatu wurinsu, in ka duba da yawansu 'yan uwa ne, ga yayanshi Shehu ga kawunnai ga baffanni. Ya bar tafsiri ya bar littattafan shari'a da mulki da nahawu. Muhammadu Bello ya yi rubutu har kan magani da cututtuka. Nana Asma'u ta yi waƙe da Larabci da Fulatanci da Hausa ta kafa 'yan taru, jajis na zuwa daga ƙauyuka su ɗauki karatu su koma su koyar da mata. Daga gidanta da mijinta Waziri Giɗaɗo zuriyar ta miƙo har kan Waziri Junaidu da ya rasu a 1997. Mi ya riƙe wanga gida shekara ɗari biyu in ba alƙalami da tawada da zama gaban manya ba.

Inda muke da giɓi shi ne ɗaya ɓangaren, ilmin ƙasa da ruwa da dabba da jikin mutum. Shi ma muna da gidajenshi. Je ka Argungu ko Yauri ka zauna da tsohon masunci, zai faɗa maka lokacin da giwan ruwa ke hawa da inda yauni ke yin sheƙarshi cikin ciyawa da yadda gaiwa ke binne kanta a laka ta shekare rani ba ruwa, da kifin da a da ake kamawa yanzu an daina gani. Je ka Aliero wurin masu ɗori ka ga hannun da ke shafa ƙafa ya gane inda ƙashi ya goce. Tsofaffin manomanmu na fadama sun san jar shinkafar gargajiya mai bin ruwa tana tsawo in ambaliya ta zo, sun san lissafin taurarin damina kwana goma sha uku-uku, su ce maka yau Zira'a ta kama ko Ɗarfa ta shiga. Bafulatani ya san hakin da ke kumbura saniya da wanda ke kawo nono. Duk wannan ilmi ne na lura da gwaji, na shekaru aru-aru, amma a ka yake, ba wanda ya rubuta, kuma in tsoho ya faɗi shi ke nan an rufe da shi. Mu kuma 'yan boko munka ƙara ɓata abin, yaro ya shiga makaranta sai mu nuna mishi sana'ar ubanshi ita ce jahilcin da zai gudu ya bari, ɗan masunci ya haddace sunan sassan kifi da Turanci don jarabawa amma kunya yake ji ya ce a aji babanshi na da homa da gora.

Ka duba ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafa a jihar nan, kowa ya ce bai taɓa ganin irinta ba, wasu tsofaffi sunka ce an taɓa yi, to yaushe, ruwan ya kai ina, kwana nawa ya yi kafin ya janye, sai gardama. Da a ce a kowane gari na bakin gulbi akwai gida ɗaya da ke rubuta ranar da ruwa ya fara hawa da inda ya tsaya duk shekara tun zamanin kaka, da yau muna da abin da ko injiniyan gwamnati sai ya zo ya roƙa.

Don haka roƙona ga iyaye, musamman manoma da masunta da makiyaya, a sayi littafin rubutu ɗaya a ajiye a gida, a ba yaro ko yarinya da ke makaranta amanar shi, da boko ko da ajami duk ɗaya. A rubuta ranar ruwan farko, ranar shuka, wane iri, buhu nawa na taki, ranar da jan baki sunka sauka, buhu nawa anka samu, wace akuya ta haifi biyu wace ce ke ɓari. In yaro ya yi tambaya kar a ce mishi ya cika surutu, a ce mu gwada mu gani. 'Yan uwana malamai kuma mu daina jiran sai an gina muna ɗakin gwaji, eh haƙƙinmu ne kuma mu ci gaba da nema, amma kafin nan ga gwangwani ga kwali ga fadama a bayan makaranta.

Ga jami'o'inmu na Aliero da Birnin Kebbi da ta aikin gona a Zuru, ina ba da shawara ɗalibin da zai yi furojet na ƙarshe in ɗan gidan sana'a ne a tura shi gidansu, ya zauna da ubanshi ko kakarshi ya rubuta abin da sunka sani, sannan ya auna ya ga wanne ya tabbata wanne bai tabbata ba, don ba duk abin da tsoho ya faɗa ne daidai ba, awo ne zai raba. A sa sunan tsohon a jikin aikin a matsayin wanda anka ɗauko ilmin wurinshi, kuma a ajiye kwafi da Hausa a gidan. Ya fi a yi ta kwafo aikin wasu daga intanet kamar yadda ya zama ruwan dare a ƙasar nan.

Ku kuma Malam Edita, ina roƙon jaridarku ta ware ko rabin shafi ne a wata, wakilinku ya je gida ɗaya na masu sani, wannan wata gidan Sarkin Ruwa, wata mai zuwa gidan maƙera ko masu ɗori ko wata tsohuwar ungozoma, a ɗauko abin da sunka sani da bakinsu da sunan wanda ya koya musu. In kun fara ta jihar Kebbi ni da ɗalibaina za mu raka wakilin naku, mun san hanya.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Naku,
Malamin bayoloji, daga ƙasar Argungu, jihar Kebbi